Horon na'ura ga ma'aikatan ɗakin karatun jami'a: yadda ake shirya shi ya zauna

A Tawa, kamar a sauran jami'o'in jihohi, ɗakin karatu aiki ne mai yawa a hannun mutane kaɗan. Jami'ar, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, an kafa ta a 2010 tare da ta Maradi da ta Damagaram, alhali ta Yamai tana nan tun 1971. Tsarin LMD (lisans, masta, dokta) yana zubo memuwar, wato kundin kammala karatu, duk shekara, malamai suna neman maƙaloli don haɗa dosiyensu na CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska mai tantance ƙarin girmansu, ɗalibi kuma ya saba neman komai a wayarsa kafin ya ɗaga ido ya dubi kanta. Ma'aikacin da hannunsa bai faɗa kan na'ura ba, sannu a hankali zai koma mai buɗe ƙofa da rufewa.

Hanyar da aka saba ita ce a tura mutum ɗaya Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, ya zauna atiliye na ƴan kwanaki, ya kalli majigi, ya dawo da atestasiyo. Bayan wata biyu a duba, ba abin da ya motsa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Manhajar da aka nuna masa ba ita ce ke kan kwamfutarsa ba, ko ita ce amma wani zubi daban. Kalmar sirrin mai gudanarwa tana hannun ma'aikacin infomatik da ke wani gini. Littattafan misali na Turai ne masu ISBN tsaf (lambar shaidar littafi ta duniya), shi kuwa abin da ke jibge a teburinsa memuwar ne da rahotannin ma'aikatu. Sannan ya yi mako uku bai taɓa abin ba, ya manta. Horon da ke zama shi ne wanda aka yi a cikin ɗakin karatun, kan na'urorinsa, da takardun da ke jiran aiki, kaɗan-kaɗan.

A fara sanin inda kowa yake

Kada a raba takardar tambayoyi ana cewa "ka iya kwamfuta?" Kowa zai ce ya iya, musamman babba a gaban na ƙasa da shi. A zaunar da mutum shi kaɗai, minti 30, a ba shi aiki biyar ya yi da hannunsa: ya buɗe sabon dosiye ya sa masa suna, ya sauko da PDF daga intanet ya kuma gano inda ya faɗa, ya aika saƙon imel da fayil a maƙale, ya jera layi 20 a Excel bisa haruffa, ya kwafe sakin layi ɗaya daga littafi. Mai lura ya rubuta inda aka tsaya, kada ya taimaka, kada kuma ya faɗi sakamakon wani a gaban jama'a. Dattijon da ya shekara ashirin yana rarraba littattafai bisa Dewey, tsarin lambobin jera littattafai a kanta, ya fi kowa sanin tarin. In aka kunyata shi ranar farko, an rasa shi, kuma da shi aka rasa rabin ilimin ɗakin.

Daga nan mutane sukan rabu kashi biyu ko uku. Wanda bai gane bambancin dosiye da fayil ba, ba a kai shi gaban katalog. A ba shi mako uku kan abubuwan tushe tukuna. Wanda ya riga ya wuce nan, a haɗa shi da mai rauni su zauna kan na'ura ɗaya, amma mai raunin ne ke riƙe da madannai. In aka bar gwanin ya riƙe, ɗayan kallo kawai zai yi ta yi.

Ɗaki, kuran da rezo

A shirya horon kamar intanet ba zai zo ba. Koha da PMB, manhajojin tafiyar da katalog da aro, duka suna aiki a rezon cikin gida: kwamfuta ɗaya ta zama uwar garke, akwatin wifi ɗaya ko ƴan wayoyi su haɗa sauran da ita. Ga ƙaramin tari, na'ura mai ƙwaƙwalwar GB 4 tana ɗaukar Koha a kan Debian, wani nau'in Linux. A ba uwar garken adireshin IP tsayayye. In aka bar akwatin wifi yana raba mata adireshi yadda ya ga dama, ranar da kuran ya ɗauke ya dawo adireshin zai canza, kowa ya ce katalog ya mutu, alhali yana nan lafiya.

A buɗe katalog na biyu don koyo kawai. A Koha umarni ɗaya ne, koha-create, ya ba da sabon gida mai zaman kansa. A zuba masa kwafin bayanan gaske, a canza launin shafinsa don kada a rikita su, a faɗa wa masu koyo su ɓata shi yadda suke so. Mutum ba ya koyon goge kati, wato bayanan littafi ɗaya a katalog, in yana tsoron ya goge na gaske.

Ondilar, akwatin batirin da ke riƙe na'ura in kuran ya ɗauke, ta VA 1000 zuwa 1500 ta isa uwar garke da akwatin wifi. Aikinta ta ba da ƴan mintuna a kashe na'ura cikin tsari, domin rumbun bayanai da wuta ta yanke masa yana cikin rubutu yakan lalace. Batirinta ba ya jure zafi: irin na darma da aka yi don digiri 25, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba kwanansa biyu, kuma a Afrilu da Mayu Tawa tana haura 40. Saboda haka kowane wata a zare filogi daga bango a duba agogo, a rubuta minti nawa ta riƙe. Bayan hunturu a buɗe kwamfutoci a hure ƙurar da ta toshe fanka. Akwai kuma ƙaramin batiri mai kama da kwabo a cikin kwamfutar teburi, CR2032. In ya mutu, kwanan wata yana komawa baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna kukan rashin tsaro, ranar mayar da littafin aro ta fito ba daidai ba. Kowane ma'aikaci ya san wannan alamar, ya fara duban agogon na'ura kafin ya kira kowa.

Lokaci kuwa, awa biyu sau biyu a mako, da safe kafin zafi, mutum shida zuwa takwas. Minti 20 na nuni, sauran duka aikin hannu. Kowane zama ya ƙare da abin da za a iya ƙirgawa, misali kati biyar kowane mutum, a kuma bar aikin da za a yi kafin zama na gaba. Mai koyarwa kada ya taɓa linzamin kwamfutar mai koyo. Ya faɗa da baki, ya jira, ko da jiran ya yi tsawo.

Katalog, inda mafi yawan lokaci zai tafi

In ɗakin bai riga ya zaɓi manhaja ba, a yanke shawara kafin horo. PMB daga Faransa take, da Faransanci aka gina ta kan UNIMARC, tsarin gurabe masu lamba na cika kati, kuma ɗora ta ba wuya. Sauƙin nan ne yakan jawo a ɗora ta kan kwamfutar biro da kowa ke soka wa kilen USB, har ƙwayar cutar nan mai ɓoye dosiye ta mayar da su gajerun hanyoyi ta shige ta. Koha, wadda aka fara a New Zealand a 1999, ta fi ƙarfi wajen aro da rassa da yawa, tana fitar da sabon zubi duk Mayu da Nuwamba, amma tana son wanda ya san Linux ko kaɗan ne. Wajen ɗora ta ake zaɓar UNIMARC ko MARC 21, kuma sauyawa daga baya babban aiki ne. A yankinmu, inda za a riƙa jawo katuna daga ɗakunan karatu masu aiki da Faransanci, UNIMARC ya fi dacewa.

Kada a buɗe wa mai koyo dukan gurabe ɗaruruwa. A yi masa fom mai gurabe goma: 010 na ISBN, 101 na harshe, 200 na take, 210 na wurin bugu da maɗaba'a da shekara, 215 na yawan shafuka, 225 na jeri, 606 na maudu'i, 676 na lambar Dewey, 700 na marubuci, 995 na kwafin da ke kanta. A zaɓo takardu goma na gaske, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: littafi mai marubuci ɗaya, mai marubuta uku, fassara, littafi mai juzu'i biyu, rahoton ma'aikata marar sunan mutum, littafin Larabci, littafin Hausa, memuwar, tez, da wanda bangonsa ya yage. Kowa ya yi duka goman a katalog na koyo, sannan a haska katunan mutum biyu gefe da gefe a tattauna inda suka saɓa. A wannan tattaunawar ake haifar da ƙa'idar gida, a rubuta ta shafi biyu ko uku a manna kusa da kowace na'ura.

Abu na farko da za a saɓa a kai shi ne suna. Ƙa'idojin katalog suna neman sunan dangi, mu kuwa sunan mutum ne da na mahaifinsa, wani lokaci da na kaka ko laƙabi, kuma bangon memuwar yakan sa na mahaifi gaba da manyan haruffa. Wani zai shigar da Boubou Hama a ƙarƙashin Hama, wani a ƙarƙashin Boubou, ayyukan mutum ɗaya su watse gida biyu. Ga kuma Mahamadou da Mahamane da Mamane, Issoufou da Yusufu. Maganin shi ne fayil ɗin sunaye tabbatattu: a tsayar da siga ɗaya ga kowane marubuci, a rubuta sauran a matsayin "duba", a hana kowa buga suna da ka sai ya fara nema a ciki. Malaman jami'ar da kansu a tambaye su sigar da suke sa hannu da ita a maƙalolinsu.

Na biyu haruffa masu ƙugiya. Tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar na Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun Hausa za su ƙaru a kanta, kuma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sa cikin tsohon tsarin haruffan Latin-1. Dole rumbun bayanai da kowane fayil da ake shigarwa su kasance a UTF-8, tsarin da ke ɗaukar waɗannan haruffa. Alamar an kauce ita ce é ta koma Ã©, ƙ kuma ta koma alamar tambaya. A ɗora Keyman ko wani tsarin madannai na Hausa a kowace na'ura. A kula da tsofaffin fayiloli da aka buga da font na dabara, wanda ya aro gurbin wata alama ya zana ƙ a ciki: a ido daidai ne, in aka kwafo shi cikin katalog sai wata alama ta fito. Ɗalibi kuma zai buga "kasa" a wayarsa yana neman "ƙasa". In injin neman bai haɗa su ba, a ƙara taken marar ƙugiya a gurbi 517. Lambar harshe a gurbi 101 harafi uku ce: hau ga Hausa, fre ga Faransanci, ara ga Larabci, ful ga Fulatanci, kau ga Barbarci, tmh ga Tamajak, Zabarmanci yana shiga ƙarƙashin son. A Dewey harshen Hausa yana 493.72, adabinsa 893.72, tarihin Nijar 966.26.

Littafin da aka buga a waje ba a ɓata lokaci ana buga katinsa. Ta Z39.50, hanyar da katalog ke tambayar wani katalog, ake jawo shi daga BnF (ɗakin karatun ƙasa na Faransa) ko Sudoc (katalog ɗin jami'o'in Faransa): a sa ISBN, kati ya zo, a gyara maudu'i da lambar kanta. In ya ƙi haɗuwa, yawanci katangar tsaron rezon jami'a ce ta rufe ƙofa. Ƙofar Z39.50 ta asali 210 ce, ta BnF kuma 2211. A rubuta wa ma'aikacin infomatik lambobin ya buɗe. A nuna wa mai koyo ya gwada shekarar bugu da yawan shafuka da littafin da ke hannunsa, don kada ya jawo katin bugu na biyu ya liƙa wa na huɗu.

Ga kurakurai uku da kusan kowane sabon hannu ke faɗawa. Ya gama kati bai ƙara kwafi a 995 ba, littafi ya bayyana a nema amma ba ya aruwa. Kodbar yana shiga $f, lambar kanta $k. Ko ya adana kati ya nema bai gani ba, ya sake bugawa, a samu biyu. Fihirisar Zebra, injin neman Koha, ce ba ta sabunta ba, a jira ƴan mintuna, in ta ƙi a gudanar da koha-rebuild-zebra. Na ukun ya fi ban haushi. An sayo ƴar na'urar karanta kodbar, an haska ta kan littafi, maimakon 12345 sai allo ya nuna &é"'( . Na'urar ba ta lalace ba. Ita tana turo lamba kamar madannan Amurka, kwamfutar kuwa tana kan AZERTY na Faransa, inda layin sama alamomi ne sai an danna babban harafi. A cikin ƴar takardar da ta zo da ita akwai kodbar na sauya ta zuwa Faransanci. A haska shi sau ɗaya, an gama. Kada a jefar da takardar nan tare da kwali.

Masu tsohon tari a tsohuwar manhajar WinISIS suna iya fitar da shi a ISO 2709, sigar musayar katuna, su gyara da manhajar MarcEdit. Masu jeri a Excel su mayar da layin ISBN da na lambar rajista zuwa rubutu kafin komai, in ba haka ba ISBN zai koma 9,78E+12, sifirin farkon lamba ya ɓace. A gwada da kati 50 a katalog na koyo, a duba su ɗaya-ɗaya, sannan a zuba dubbai.

Kwafin ajiya

Wannan darasi zama ɗaya ne, amma kada a ba da atestasiyo ga wanda bai ci shi ba. Kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Koha da aka ɗora ta ƙunshin Debian tana yin kwafi da kanta kullum ta aje a /var/spool/koha, sai dai na kwana biyu kawai take riƙewa in ba a canza ba, kuma a kan diskin da in ya mutu da su zai tafi. A sa rana ɗaya a mako, misali Alhamis, a kwashe zuwa diski na waje, a zare shi a kulle a wani biro. Diskin da aka bari a soke, tsawa ko hawan wuta ɗaya zai ɗauke shi tare da uwar garke. Fayil ɗin katalog in an matse shi ba shi da nauyi, ana iya tura shi ma'ajiyar intanet ko da rezon waya.

Jarrabawar ita ce mayarwa. A ba mai koyo kwamfuta wadda ba komai a kanta da kwafin makon jiya, ya tayar da katalog, ya nemo littafin da aka shigar ranar Laraba. A duba girman fayil kowane mako: in na yau ya fi na makon jiya ƙanƙanta sosai, ko ya nuna sifiri, wani abu ya tsaya. Mutum biyu aƙalla su iya wannan, a rubuta kalmomin sirri a ambulan a rufe a ajiye wurin shugaban ɗaki. Ana canza wa ma'aikaci wurin aiki da takarda ɗaya, kada katalog ya bi shi.

Memuwar da tez

Su ne abin da ɗakin karatun jami'a ke da shi wanda ba a samu a ko'ina, don haka su suka fi cancantar shiga taskar intanet. Manhajar taska DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, ita aka fi amfani da ita, amma sabbin zubinta suna da nauyi, kada a ɗora su kan na'urar da ta gaza GB 8. Ɗakin da ba shi da mai kula da ita ya fara da maƙala PDF a katin katalog, ya kuma duba DICAMES, taskar da CAMES ta buɗe wa jami'o'in ƙasashenta.

Aikin ya fara daga sababbi. A nemi hukumar jami'a ta sa doka: ba a ba ɗalibi takardar sallama sai ya kawo PDF na sigar da aka gyara bayan sutinansi, wato kare aikin gaban malamai, tare da fom da ya sa wa hannu, inda ya yarda a fitar ko ya nemi a jinkirta shekara ɗaya ko biyu. Ma'aikacin teburi ya buɗe fayil ɗin a gaban ɗalibin ya gwada shi da na takarda, domin sau da yawa abin da ke kan kile sigar kafin gyara ce. A kati, bayanin digiri da fanni da jami'a da shekara yana shiga 328, malamin da ya jagoranci aikin kuma a ba shi lambar matsayi 727. Sunan fayil ya bi tsari ɗaya, shekara, fanni, suna, ba wasali mai alama ba tazara.

Tsofaffi na takarda a ɗauke su da sikana a dpi 300, launin toka. Shafin A4 ɗaya a haka, in ba a matse ba, ya kusa MB 9, wato memuwar mai shafi 100 ta doshi MB 900. A ajiye wannan a diski a matsayin asali, a fitar da PDF mai sauƙi don masu karatu da waya. A bi shi da Tesseract, manhajar da ke gane haruffa a hoto, don rubutun ya nemu, a zaɓi fra ko ara gwargwadon harshe. Rubutun Hausa in aka bi shi da fra, ƙugiyoyi za su zube, sai an gyara take da tsakure da hannu. Rubuce-rubucen ajami irin na sashen MARA a cibiyar bincike ta IRSH ta Yamai wani fanni ne daban: ba a danna su a gilashin sikana, kyamara ake ɗora musu daga sama.

Koya wa masu karatu

Nijar tana cikin ƙasashen da shirin Research4Life ke ba damar karanta mujallun ilimi kyauta: Hinari na lafiya tun 2002, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na kimiyya da ƙere-ƙere, GOALI na shari'a tun 2018. Jami'a ce ke yin rajista, a ba ta suna da kalmar sirri. Ba a manna su a allon sanarwa ko a zuba su a guruf na WhatsApp, domin in aka ga ana shiga da su daga wata ƙasa ana iya rufe wa jami'ar gaba ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne malami ya samo maƙala ta Google, ya faɗa shafin maɗaba'a kai tsaye, a nemi ya biya dala talatin ko arba'in na Amurka, ya zo yana cewa, "Madam, abin naku ba ya aiki." Sai an fara shiga ta ƙofar Research4Life, daga can a bi zuwa mujallar. Ma'aikaci ya maimaita wannan hanya har ya iya nuna ta ba tare da duba takarda ba. A haɗa masa da AJOL don mujallun Afirka, DOAJ, Persée, OpenEdition da HAL.

Zotero, manhajar tsara manazarta, awa biyu ta isa a koya wa ɗaliban masta: ɗora ta, haɗa ta da burauza da Word ko LibreOffice, jawo bayani da DOI (lambar shaidar maƙala) ko ISBN, sa manazarta, sauya salo daga APA zuwa ISO 690 da dannawa ɗaya. Ma'ajiyarta ta kyauta MB 300 ce, tana cika da wuri in ana tura PDF. A kashe tura fayiloli, a bar bayanan kawai. A gargaɗe su kada su gyara jerin manazarta da hannu a cikin Word, don sabuntawa ta gaba za ta share gyaran. A Zotero ake gyara.

Abu biyu sun ƙaru a aikin teburi. Mujallun bogi masu aiko wa malamai imel suna alkawarin bugu cikin mako ɗaya in an biya: a duba ko mujallar tana DOAJ, a gwada ISSN ɗinta, lambar shaidar mujalla, a nemi sunayen editocinta a shafukan jami'o'insu. Sai manazartar da ChatGPT da ire-irensa ke ƙirƙirowa, take mai kyau, marubuci sananne, maƙalar kuwa babu ita a duniya. Kowane DOI da 10 yake farawa. A liƙa shi a doi.org a gaban ɗalibin, in bai buɗe ba ko ya buɗe wata maƙala daban, a cire.

Wa za a tura waje, kuma me za a auna

Horon cikin gida ba ya maye gurbin digiri. IFTIC a Yamai tana horar da masu aikin takardu da adana bayanai, EBAD ta jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar, wadda ke nan tun 1967, tana da karatu daga nesa wanda ma'aikaci zai bi yana bakin aikinsa. Research4Life tana da kwas na intanet da Faransanci, AfLIA da shirin LIBSENSE na WACREN suna shirya tarukan intanet. Inda rezo ke yankewa, a sauko da bidiyon da dare a kalla tare washegari, a tsayar da shi ana gwadawa.

In goron gayyatar atiliye ya zo, a tura wanda aikin ke hannunsa, ko da shi ne ƙarami. Rabon tafiya bi da bi saboda kuɗin guzuri shi ke sa mai kula da aro ya je horon DSpace. Kafin ya tafi a rubuta tambayoyi uku da zai dawo da amsarsu. Cikin mako guda da dawowarsa ya koya wa sauran na awa ɗaya, a na'ura, ya zuba takardun da ya samo a dosiyen kowa da kowa. Ya buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, in yana rubuce-rubuce, a kuma sa kowane horo a dosiyensa na aiki don ya amfane shi wajen ƙarin girma.

Duk wata uku shugaban ɗaki ya zaro kati 20 ba zaɓe, ya ƙirga masu kuskure a suna, a harshe, a lambar kanta. Ya duba katuna nawa suka shiga, memuwar nawa aka ɗora, yaushe aka yi gwajin mayar da kwafin ajiya na ƙarshe kuma wa ya yi shi. In kuskure ya taru a gurbi ɗaya, wannan gurbin shi ne darasin mako mai zuwa, kuma wanda katunansa suka fi tsabta a wurin shi zai koyar.